Harin Memfis na 1864: mahaya sun shiga gari da asuba, me ya hana su zama?

Wani ɗalibi ya aiko mini da tambaya daga Yamai. Ya ce a fadarsu gardama ta kaure kan wani bidiyo da ke yawo a Facebook, mai cewa a yaƙin basasar Amurka wani janar ya ci birnin Memfis da mahayan dawaki 1,500 kacal, alhali garin cike yake da sojan gaba. "Malam, da gaske ne? In da gaske ne, ta yaya doki zai ci garin da ke bakin babban kogi? Kuma me ya fitar da su tun kafin azahar?"

Ɗana, harin ya faru. Ranar Lahadi 21 ga Agusta 1864 aka kai shi, kuma yawan mahayan da aka faɗa maka daidai ne. Inda mai bidiyon ya kauce hanya shi ne cewa an ci garin. An dai shiga Memfis, an yi ƴan sa'o'i ana ɓarin wuta a titunanta, an fita. Janar Nathan Bedford Forrest na sojan Kudu da ya jagoranci harin bai taɓa sa wa ransa zai kwana a ciki ba, domin abin da ya tayar da shi yana can bayansa, fiye da kilomita 100 kudu da garin.

Yaƙin ya tashi a 1861, bayan jihohin Kudu sun fara ɓallewa daga tarayya saboda an zaɓi Abraham Linkon shugaban ƙasa, har a ƙarshe suka kai 11. Bauta ce tushen rigimar. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi baƙar fata kusan miliyan 4, kuma masu su na tsoron sabuwar gwamnati za ta toshe wa bautar hanyar yaɗuwa. Memfis tana jihar Tenesi, bisa tudu a gabar gabas ta kogin Misisipi, babbar kasuwar auduga ce mai mutum sama da 22,000 kafin yaƙi. Ƴan Arewa sun karɓe ta tun 6 ga Yuni 1862, kuma ta ruwa suka karɓe ta. Jiragen yaƙinsu suka farfasa na Kudu a gaban garin cikin ƙasa da sa'a biyu, mutane na tsaye bisa tudu suna kallo. Da Vicksburg ta faɗi a Yulin 1863, kogin ya koma hannun Arewa tun daga sama har bakin teku.

A tsakiyar 1864 Janar Sherman na Arewa ya tasa Atlanta a gaba da soja kimanin 100,000. Abincinsu da harsashinsu da abincin dabbobinsu duk ta layin dogo guda suke zuwa, daga Nashville ta Chattanooga, ɗaruruwan kilomita cikin ƙasar da ba ta ƙaunarsu. Forrest ya yi suna wajen tumɓuke layin dogo da ƙona gadoji, shi ya sa ya tsaya wa Sherman a rai, har ya rubuta cewa a bi shi sai an ga bayansa, ko da za a yi asarar rai 10,000, ko da baitulmali zai karye. Dabarar Sherman ita ce a riƙa tura runduna daga Memfis zuwa arewacin jihar Misisipi, Forrest ya shagala da tsaron gida, kada ya samu sukunin waiwayar layin. Ta farko, Forrest ya tarwatsa ta a Brice's Crossroads ranar 10 ga Yuni. Ta biyu, ƙarƙashin Janar A. J. Smith, ta ba ƴan Kudu kashi a Tupelo a tsakiyar Yuli, Forrest kansa ya samu harbi a ƙafa. Cikin Agusta Smith ya sake fitowa da mutum kimanin 18,000 ya nufi garin Oxford, na Misisipi ba na Ingila ba. Abin da ke hannun Forrest bai kai sulusin wannan ba.

Ka tsaya nan ka yi lissafin da ya yi. In ya tari Smith gaba da gaba, za a murƙushe shi. In ya ja da baya, Smith zai ratsa zuwa gonakin hatsin gabashin Misisipi da ke ciyar da sojan Kudu. Amma mutum 18,000 ɗin nan daga ina aka kwaso su? Daga Memfis, kuma su ne zaratan. Waɗanda suka rage wajen 6,000 ne, a warwatse cikin sansanoni, da yawansu sabbin ɗauka da ƴan sa-kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Forrest ya ƙudura zai kewaya ta bayan Smith ya bugi gidan da ya baro, don Janar Washburn mai riƙe da Memfis ya firgita ya kira rundunar ta dawo. Ya haɗa da wasu buƙatu biyu: ya kama janar uku da ke garin, Washburn da Hurlbut da Buckland, ya kuma fasa gidan kason Irving Block ya fitar da mutanen Kudu da ke tsare.

Ni a wurina tafiyar ta fi shigar garin ban mamaki, kuma ita ce masu ba da labari ke tsallakewa. Da yammacin 18 ga Agusta, ana ruwa, ya zaɓi mutum 2,000 masu dawakin da suka fi ƙwari. Sauran ya bar wa Janar Chalmers, su yi ta kai da kawo a gaban Smith kamar dukan rundunar na nan. Ya yi yamma zuwa Panola, ya ƙetare kogin Tallahatchie, sannan ya miƙe arewa. Kwanaki aka yi ana ruwa, hanyoyi sun zama caɓi. Mu nan Adar, duk wanda ya taɓa hawa ya ratsa fadamar Majiya a tsakiyar damina ya san abin da laka ke yi wa doki. Kofato ya nutse, sai ya yi yunƙuri kafin ya zare kowace ƙafa, tafiyar da zai yi cikin sa'a ɗaya ta ci masa uku. Sirdi ya jiƙe ya yi ta gugar gadon baya har ya yi rauni, majayi ya yanki ciki. Ga shi doki ba ya jure rashin hatsi, kwana biyu na wahala babu abinci sai ka ga ya saki wuya. Kafin a kai rabin hanya dawaki wajen 500 sun gaza, aka mai da su baya da masu su, haka ma biyu daga cikin igwa huɗun da ya ɗauko. Ka ga inda 1,500 ɗin ta samo asali.

Sai ga ruwa biyu sun tare su, rafin Hickahala da kogin Coldwater, kowanne ya cika ya batse, babu kadarko. Forrest ya tura mutane daji suka saro kurangar inabin daji masu kauri da tsawo, aka murɗe su wuri ɗaya suka zama igiyoyi, aka ɗaure a bishiyoyin gaba da gaba. Aka kawo ƙaramin jirgin fito aka tsayar a tsakiya ya tallafi nauyin, aka ɗaura gungume a gefensa. Wasu kuma suka bazu gonakin kusa suna ɓamɓaro katakon daɓen gidajen gurzar auduga, kowa ya ɗoro nasa bisa doki. Aka jera katakon a kan igiyoyin, mutane suka sauka suka ja dawakinsu da linzami suka haye, kadarkon na lilo a ƙarƙashinsu. Na Coldwater ya fi faɗi, ya fi cin lokaci. Duk da haka da yammacin 20 ga wata sun isa Hernando, kilomita 40 daga Memfis, inda ƴan leƙen asiri suka tarye shi da labarin gidan da kowane janar ke kwana.

A nan dole in gaya maka wane ne mutumin, don na san irin waɗannan bidiyoyin ba sa faɗa. Forrest ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Ya zauna a Hernando yana saurayi, daga baya ya koma Memfis, inda ya yi dukiya mai yawa har aka zaɓe shi kansila a 1858. Fataucin bayi ne ya ba shi dukiyar. Yana da shinge a titin Adams inda ake tsare maza da mata da yara baƙar fata, masu saye su zo su duba su yi ciniki. Sanin lungu-lungun garin da ya amfane shi daren nan, a wannan sana'a ya samo shi. Wata huɗu kafin harin, ranar 12 ga Afrilu 1864, mutanensa sun ci sansanin Fort Pillow a bakin kogin nan, arewa da Memfis. Sojan ciki kimanin 600 ne, kusan rabinsu baƙar fata, aka yi ta harbinsu bayan sun zubar da makamai, mafi yawan baƙar fatar ba su fita da rai ba. Bayan yaƙi kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar Ku Klux Klan, ta fararen fata masu ta'addanci kan baƙar fata. Ba ya da ilimin makaranta sai kaɗan, ya shiga soja a matsayin ƙaramin kurtu ya kai janar, kuma gwanintarsa ta yaƙi ko maƙiyansa sun yarda da ita. Amma ina jin zafi in na ga yaranmu suna yaɗa hotonsa da kirari ba su san a kan wa ya yi gwanintar ba. Mu ƴan jihar Tawa ba mu da uzurin ɗaukar maganar bauta kamar tatsuniyar wata ƙasa. Daga yankinmu shari'ar Hadijatou Mani, matar da aka sayar baiwa, ta fito, wadda kotun CEDEAO ta yanke a Oktoban 2008, shekara biyar bayan dokar 2003 da ta mai da bauta laifi a Nijar.

Mu koma daren. Wajen ƙarfe huɗu na asuba suka iso gefen kudu na garin cikin hazo mai kauri. Ƙanensa, Kyaftin William Forrest, shi ne a gaba da mutum kamar 40. Da mai gadin farko ya tsayar da su, sai ya ce su sojan Arewa ne sun dawo da fursunoni. Mai gadin ya matso ya duba, ya kwaɗa masa bindigar hannu a ka, aka kama sauran ba tare da harbi ba. A shinge na gaba ne wani ya saki harsashi, asiri ya tonu. Forrest ya hore su da yin shiru, amma da suka ji ƙarar bindiga sai suka ɓarke da ihu suka saki linzami. Wannan ihun ya taimaka wajen tashin waɗanda aka zo kamawa.

Wani ƙanen nasa, Jesse Forrest, ya nufi gidan Washburn. Janar ɗin ya samu labari da ƴan mintoci, ya fice ta baya da rigar barci, ya bi wani lungu ya sheƙa zuwa ganuwar Fort Pickering a bakin kogi. Har yau lungun na nan a Memfis, an sa masa sunan gudun da Washburn ya yi. Jesse ya samu kakinsa da wasu hafsoshinsa, shi kam ya tsira. William ya shiga otal ɗin Gayoso a kan dokinsa har cikin zaure yana neman Hurlbut, ashe daren nan a gidan wani hafsa ya kwana. Buckland ya kuɓuta, ya sa aka buga igwar gargaɗi, ya shiga tara mutane. A Irving Block masu gadi suka rufe ƙofa suka buɗe wuta daga sama har agaji ya zo. Shi Forrest bai kutsa tsakiyar gari ba. Ya tsaya a gefen kudu yana tsare hanyar fita, yana fama da sojan da suka fake cikin ginin bulo na wata makarantar mata, waɗanda ƙananan igwansa biyu suka kasa fitarwa.

Gari na wayewa lamarin ya fara juyawa. Hazo ya yaye, sojan Arewa suka gane yawan waɗanda suka shigo. Mahayin da ke tsakiyar titi kowa na ganinsa daga taga, shi ba ya ganin kowa. Kuma ka sani mutanen Forrest ba irin baradenmu na da ba ne masu sulke da lifidi da mashi, da ke yaƙi daga kan sirdi. Su doki abin tafiya ne, in faɗa ya yi tsanani sauka suke yi su harba daga ƙasa, mutum ɗaya cikin huɗu ya koma baya ya riƙe dawaki. Ke nan 1,500 ba su cika 1,500 ba a fagen daga. Wasunsu ƴan garin ne, sun sulale ganin iyali, wasu sun shagala da kwasar dawaki da kaya, tara su ma sai da ya zama aiki. Da hantsi aka busa ƙahon janyewa, suka yanke wayar tangaraho suka yi kudu.

To me ya hana su zama ko da sun so? Kogin. Kai da ke Yamai, ka tsaya bisa Gadar Kennedy ka dubi gari, ka ƙaddara babu gada ko ɗaya, ruwan kuma na hannun abokin gabarka da jirage masu igwa. Mahaya za su iya tare gabas da kudu da arewa, amma gefe na huɗu a buɗe yake, ta nan abinci da sabbin soja za su yi ta sauka dare da rana. Jirgi ba ya gajiya, ba ya neman harawa, kuma igwar da yake ɗauka ta fi duk wadda doki zai iya ja cikin laka. Ga Fort Pickering da manyan igwanta suna kallon garin, kuma da yawa daga masu harba su sojan baƙar fata ne da suka san abin da aka yi a Fort Pillow, ba masu miƙa wuya ba ne. Forrest ko kusa da ita bai je ba. Ya riga ya ɗanɗana irin wannan a watan Maris na shekarar, a Paducah da ke bakin kogin Ohio. Can ma ya shiga gari, sojan Arewa suka shige ganuwarsu, jiragen yaƙi biyu suka yi ta ruwan wuta, waɗanda suka gwada hawan ganuwar suka sha kashi, bai yi kwana ba ya fita da dawakin da ya samu.

Tarihinmu ya san wannan iyaka ta doki ko ba kogi. Bayan jihadi, Katsinawan Maradi da Gobirawan Tsibiri sun yi shekaru suna kai hari ƙasar Katsina da Zamfara har cikin ƙasar Kano, musamman zamanin Sarkin Maradi Ɗan Baskore. Suna ƙona ƙauyuka, suna kora shanu, suna kama mutane, wanda shi ma bautarwa ce, kada mu ɓoye. Amma birnin Katsina bai koma hannunsu ba. A basasar Kano kuwa, Yusufawa, magoya bayan Yusufu mai neman sarautar Kano, sai da suka fita zuwa Takai suka tara garuruwa da dakaru kafin Aliyu Babba ya shiga birni ya zauna a 1894. Riƙe gari aikin dakaru ne da rumbu da yardar mutanen ciki.

Forrest ya fita da ɗaruruwan dawaki da fursunoni masu yawa. Ɓangarorin biyu sun saɓa kan adadin, lissafin da aka fi ambata kimanin 500 ne. Da yawansu daga shimfiɗa aka kwaso su, babu takalmi babu riga. Ya aika da farar tuta yana neman a yi musaya, Washburn ya ƙi, amma ya aiko da tufafi da abinci, har mutanen Forrest da ke jin yunwa suka samu rabo. Forrest ya mayar masa da kakinsa, Washburn kuma daga baya ya aika masa da sabon kakin Kudu da tsohon telan Forrest na Memfis ya ɗinka. An ruwaito Hurlbut na cewa shi an sauke shi don ya kasa hana Forrest shiga yammacin Tenesi, ga Washburn ya kasa hana shi shiga ɗakin kwanansa. Irin wannan karamci tsakanin manyan hafsoshi ana son ba da labarinsa, amma ka tuna baƙar fatar Fort Pillow ba su ga ko ɗigonsa ba.

Yanzu hukunci. Janar uku, bai kama ko ɗaya ba. Gidan kaso bai fasu ba. Amma babbar buƙatar ta biya: Smith ya shiga Oxford ranar 22 ga Agusta, ya ƙona kotu da shagunan tsakiyar gari da wasu manyan gidaje, labarin Memfis ya iske shi, ya juya. Mutum 1,500 sun mai da 18,000 gida, gonakin gabashin Misisipi sun tsira a wannan shekara. In a kan wannan ake gardama, Forrest ya yi nasara, kuma hari ne da ya cancanci a karanta shi.

Sai dai ni ina ganin Sherman ne ya ci riba. Shi bai damu da Oxford ba, bai damu da mutuncin Washburn ba. Abin da ya nema shi ne Forrest ya yi nesa da layin dogonsa daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, kuma haka aka yi. Kowace nasara da Forrest ya samu a waɗannan watanni uku, a Misisipi da bakin kogi ya same ta, jiragen ƙasa kuwa na ta wucewa zuwa Atlanta shi bai taɓa su ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, manyansa ne suka riƙe shi a can duk da kiran da Janar Johnston na Kudu, mai tare Sherman a hanyar Atlanta, ya yi ta yi a tura shi Tenesi. Kwana 12 bayan harin Memfis, ranar 2 ga Satumba, sojan Arewa suka shiga Atlanta. Faɗuwarta ta ɗaga Linkon, wanda a watan Agusta shi kansa yake tsammanin zai faɗi zaɓe, ya sake cin zaɓen ranar 8 ga Nuwamba, zancen sulhu da Kudu a kan bar musu bayinsu ya mutu.

Sai a ƙarshen Satumba aka saki Forrest ya shiga arewacin Alabama da tsakiyar Tenesi ya yi ɓarna a layin dogo. Ranar 4 ga Nuwamba ya kai hari wani garin bakin ruwa, Johnsonville a kan kogin Tenesi, wannan karon bai ma gwada shiga ba. Ya ɓoye igwa a ɗaya gabar, ya buɗe wuta a kan jirage da rumbunan kayan Arewa, wuta ta cinye dukiya ta miliyoyin daloli. A lokacin Sherman ya gama tara abin da yake buƙata. Ranar 15 ga Nuwamba ya bar Atlanta ya nufi teku da soja kimanin 60,000, bayan ya sa mutanensa sun tumɓuke layin dogon da ke bayansa da hannunsu.